Alhaji Kyari da Masu Zuwa Jaje

Assalamu alaikum. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, shugabannin ƙungiyarmu ta masu kiwon kaji, Hajiya Zara uwargidan marigayi, babban ɗansa Nu'uman da ƙannensa, 'yan uwanmu na Fagge da abokan sana'a na Sabon Gari, Allah ya ba da ladan zuwa.

Ni ne Sadisu, mai sarin ƙwai. Rumfata ce ke jingine da ta Alhaji Kyari a kasuwa, shi ya sa aka ce in yi magana.

Ya kasance mutum mai kyauta, amma ba mai yarda ba. Ya kasance idan ka mayar masa da kiret ɗin ƙwai, sai ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Sadisu, wannan a gonar wa ya kwana?" In ka yi inda-inda, a gabanka zai cinna masa ashana. Ya kasance yana ba sababbin masu kiwo 'yan tsaki bashi ba tare da shaida ba, amma bai taɓa barin takalmin wani ya taka ɗakin kajinsa ba.

Mun san al'adarmu. Wanda ya yi asara, a je masa jaje. Shekarar da murar tsuntsaye ta shigo mana, gonar farko da ta faɗi, mota guda aka cika aka tafi. Aka shiga har ɗakin kaji, ana salati, ana ɗaga matattu ana dubawa. Daga nan kowa ya wuce tasa gonar da takalmansa. Bayan 'yan kwanaki aka sake cika mota, domin ɗaya daga cikin masu jajen ya zama abin yi wa jaje. Haka cutar ta bi mu gona-gona, ba ta tsallake kowa cikin motar nan ba.

Alhaji ya je, ba a motar nan ba, amma a bakin titi ya tsaya ya ɗaga murya: "Allah ya mayar da alheri!" Abokinmu Nwabueze mai abincin kaji ya ce masa, "Alhaji, shigo mana, mutane suna kallo." Ya ce, "Su kalla."

Kajinsa kaɗai suka tsira, sai bakuna suka buɗe. Wasu suka ce wani abu ya binne a gonar. Wasu suka ce shi ya kai rahoto wurin likitocin dabbobi aka zo aka ƙone na mutane. Abin ya ci masa rai, na gani da idona. Masu faɗin haka wasunsu suna zaune a nan, kuma sun fi kowa share hawaye.

Ba don tone-tone na kawo wannan ba. Kwanan nan ana ganin yankakkun kaji da araha a wajajen Bata, arahar da ba ta da dalili, sai dai in murar nan ce ta dawo. Na tambayi daga ina suke, kowa ya ce bai sani ba. A daidai wannan lokaci kuma na ji ana shirin zuwa gonar marigayi bayan an tashi, wai a duba wa iyali. Me za a duba? Tun yaushe aka fara wannan tausayin?

Hajiya, kajin nan su ne tuwon yaranki da makarantarsu, ba ku da wani abin. Mai ta'aziyya ya zo gida Fagge, ga tabarma ga ruwa. Nu'uman, za a ce ka yi girman kai, za a ce ba ka san manya ba. Ka haƙura da maganar. Ko ni ka gani a bakin gonar, kada ka buɗe.

Mun gode muku duka. Allah ya jiƙan Alhaji Kyari, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Abin da ya bar wa marayunsa kuma, Allah ya tsare shi daga cuta, ya tsare shi daga ƙafafun masoyansa. Amin.