Kati Ya Bi Mace Gidan Ubanta

Assalamu alaikum, Malama mai gabatar da wannan shiri. Ni ne Baba Adamu manomi, daga Digil.

Ku taya ni murna, na yi jika! 'Yata Hajara ta dawo gida goyon ciki. Da naƙuda ta tsananta muka kai ta asibiti cikin Mubi, aka ce sai tiyata. Na miƙa katinta na inshorar gwamnati, ma'aikacin ya ce, "Baba, wannan na asibitin Duvu ne, wajen mijinta."

Na ce, "Ɗana, haihuwar fari a gidan uba ake yin ta. Ba inda zan motsa."

Ya buga wa manyansa waya, aka karɓe ta da katin, aka yi tiyatar. Uwa da ɗa suna lafiya.

Baƙonku na makon jiya ya ce gwamnati ta cire hannu daga inshora. Ban yarda ba! Da ta cire, da na sayar da shanun huɗata. Gyara nake nema: kati ya bi mace duk inda ta je haihuwa. Ku faɗa mini ofishin da zan kai kukana. Da furfurata na koyi rubutu a ajin yamma, kuma ba zan ajiye biro ba sai an gyara.