Awa Tara a Jirgi

A tasha, ana jiran mota ta cika, wani dattijo ya nuna wa matar da ke gefensa hoto.

"Ɗana ne, likita, can bayan teku. Shekara bakwai bai zo gida ba saboda nisa."

"Allah sarki, Baba. Wane gari?"

Ya faɗa mata yana gyara zaman hula. Ta latsa wayarta.

"Kilomita dubu bakwai. Awa tara ne a jirgin sama."

"Kwana tara dai, 'yata."

"Awa, Baba. Mu a wannan akwalar sai mun yi goma sha biyu."

"Shi da bakinsa ya ce mini sai da hutun wata uku ake yin tafiyar!"

"To, ga shi a rubuce."

Dattijo ya ƙura wa wayar ido. Can ya yi gyaran murya.

"Ke yarinya ce. Awarsu ta fi tamu tsawo. Ba ki ji idan nan rana ce, can dare ne ba?"

Ta dube shi, ta kashe wayar.

"Haka ne, Baba. Na manta."