Bangon Baba Ya Sha Mai

Yaya: Salamu alaikum. Auta, kana ji na?

Auta: Wa'alaikumus salam, Yaya. Ina wuni? Ya yara?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Da godiya. Ya ƙafar?

Yaya: Tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ni dai faɗa mini, ka auno bangon da Baba ya yi wa ado kafin su rushe makarantar?

Auta: Na je jiya. Ina fitowa suka rushe ta.

Yaya: Allah sarki. To, tunda yana cikin kwamfutarka, sai a zuba mana irinsa. Ba ka ce na'urar awonku ko silin gashi tana aunawa ba?

Auta: Na ce. Ina da yawan magana.

Yaya: Me? Layin yana yankewa!

Auta: Na ce bai fito ba. Jan haske take harbawa, ya bugi bango ya dawo, ta gane tudu da kwari. In wuri yana ƙyalli, hasken watsewa yake yi. Wani bawan Allah ya shafe bangon da man sheƙi, ya koma madubi. Yaya? Kina nan?

Yaya: Ni ce.

Auta: Ke ce me?

Yaya: Shekaranjiya. Na ga duk ya yi ƙura, na ce ba za a ɗauki aikin Baba da dauɗa ba. Wuni guda ina shafawa, da wannan ƙafar.

Auta: Aiki ya yi kyau kam. Ko lungu ba ki bari ba.

Yaya: Innalillahi! Kai da ka ga sheƙin, me ka yi?

Auta: Akwai farar hoda da muke fesawa ta kashe shi. Na manta ta a ofis. Awa ɗaya suka ba ni, motar rusau tana jira. Na ce na'urar za ta iya.

Yaya: Ko ɗan abu bai fito ba?

Auta: Can sama, inda hannunki bai kai ba. Faɗin tafin hannu. Rabin zanen ganye, da gurbin babban yatsansa inda ya danna siminti.

Yaya: Shekara biyu ya yi a kan bangon nan.

Auta: Da kin ɗan fi haka gajarta, da mun samu ganyen duka.

Yaya: Auta, ba yau ba.

Auta: To. In turo miki?

Yaya: Kar ka turo. A'a, tsaya... yatsan, wanda ya taɓa karyewa ne?

Auta: Shi ne. Har tabon ya fito. Yaya? Yaya!