Baƙon da Na Yi wa Ƙaho

Assalamu alaikum, mai gabatarwa da malaman wannan shiri. Ni tsohon wanzami ne a Makka. Jiya jikokina suka kunna wasan talabijin na wani mala'ika da aka jefo duniya. Suna dariya, ni kuwa na tuna wani abu.

Ina saurayi, zamanin alhazai na hawan raƙuma, wani baƙo ya zo in yi masa ƙaho. Da ya tuɓe riga, sai ga tabo biyu dogaye a kafaɗunsa. Na tsaga, jini ya fito. Ya shafo shi da yatsa, ya fashe da kuka: "Ashe har jini gare ni yanzu?"

Na watsar da kayana, na gudu.

Malamai, na san mala'iku ba sa saɓo. To, don Allah, jinin wa na zubar?