Muƙamuƙin da Ya Sha Fenti

Sharhabil: Salamu alaikum. A'a, Yaya Sanda! Yau kai ne da kiranmu? Ina wuni?

Sanda: Wa alaikumus salam. Lafiya. Ya gareji?

Sharhabil: Alhamdu lillahi. Ya ofis? Ya Anti Rahmatu da yara? An ce Nafisat ta yi zazzaɓi.

Sanda: Ta warke tuni.

Sharhabil: Ta me? Ta karye?

Sanda: Ta warke na ce! Kai, matsa daga wajen bugun ƙarfen nan. Mutum ya kira ka sai ya sha maganin ciwon kai.

Sharhabil: Na matsa. To madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ya mutanen Mando?

Sanda: Suna nan. Ka ga, ba dogon zance na kira ba. Wannan tarkacen da ka turo min hotonsa, yana nan?

Sharhabil: Wanne ciki? Duwatsuna sun haura arba'in yanzu.

Sanda: Arba'in! Mutane na tara abin arziki, kai kana tara tsakuwa. Mai haƙoran nan nake nufi.

Sharhabil: Oho, wanda na tsinto a kwazazzabo can wajen Sakkwato, ran da muka je ciro motar Alhaji Lawan. Wanda ka ce mushen jaki ne, in daina cika maka waya?

Sanda: Ni ban ce jaki ba, cewa na yi yana kama.

Sharhabil: Ka ce, Yaya. Har ka ce kai da ka karanci ilimin duwatsu ba ka da lokacin shirmen mai gyaran bodin mota.

Sanda: To na ji. Wata Farfesa Mardiyya ce ta zo ofishinmu daga jami'a, ta ga hoton. Ta ce ƙashi ne da ya zama dutse, muƙamuƙin wata dabbar ruwa mai kama da kada, tun zamanin da teku ya rufe ƙasar Sakkwato. Shekara miliyan sittin ko fi.

Sharhabil: Allahu akbar! Teku a Sakkwato? Wallahi jikina ya ba ni! Na ce wannan ba...

Sanda: Dalla rufe min baki. Jikinka ya ba ka me? Tsintar dami a kala ka yi, ko akuya ce ta bi ta wurin za ta yi tuntuɓe da shi. Gobe ƙarfe goma za ta dawo, haƙoran take son gani, da su ake gane irin dabbar. Ka naɗe shi a tsumma ka kawo.

Sharhabil: Ai ya wuce tsumma yanzu. In ka gan shi sai ka yi alfahari da ni.

Sanda: Kamar yaya?

Sharhabil: Ba ka ce ko zinariya ce ba za ka bari a shigar maka da wannan ƙazanta ofis ba? Maganar ta tsaya min a rai. Sai na ware yini guda na yi masa aiki irin namu. Na kankare lakar tas, na cike tsagogin da fila ta cikon bodin mota, na bi da samfefa.

Sanda: Ka bi da me?

Sharhabil: Samfefa. Haƙoran kuma wani dogo wani gajere, har ɗaya ya yanke ni, sai na sa injin gurza na daidaita su.

Sanda: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Sharhabil: Tsaya mana ka ji. Na fesa masa fenti ruwan toka, sau biyu, na bi da mai ƙyalli. Yaya, kana ganin fuskarka a jiki.

Sanda: Fuskata! Kai wane irin dabba ne, Sharhabil? Shekara miliyan sittin ƙasa na riƙe da amana, ruwa bai ci ba, gara ba ta ci ba, sai da ya faɗo hannun ɗan garejin Hayin Banki! Ƙofar mota aka ce maka? Jahilci dai ya fi hauka ciwo. Yanzu me zan ce wa matar nan, bayan na gaya mata a gaban darakta ni na haƙo...

Sharhabil: Kai ka me?

Sanda: Halo? Layin nan yana yankewa.

Sharhabil: Ni ras nake jin ka. Kai ka haƙo?

Sanda: Maganar ofis ce, ba za ka gane ba. Dole a sa sunan wanda ke da takarda. Wa zai rubuta sunan mai fenti a rahoto? Ko ma dai mene ne, ka riga ka kashe maganar.

Sharhabil: Rabi na kashe.

Sanda: Rabin me?

Sharhabil: Biyu ya rabe lokacin da na ɓanɓaro shi. Ɗaya na yi wa aiki, fenti ya ƙare. Ɗayan na cikin buhu da lakarsa, haƙora goma sha ɗaya, ko wanke shi ban yi ba.

Sanda: Alhamdu lillahi! Kai, ɗan'uwa rabin jiki! Kada ka taɓa shi, ko kallonsa kada ka yi. Hau babur yanzu ka kawo Mando, ka ba maigadi a bakin get.

Sharhabil: Maigadi.

Sanda: To da ciki za ka shigo min da kayan baƙin mai?

Sharhabil: Yaya, in ta tambaye ka inda ka haƙo shi, me za ka ce?

Sanda: Sakkwato mana.

Sharhabil: Sakkwato da faɗi. Wane ƙauye? Wane kwazazzabo? Akwai sauran ƙashin a jikin gaɓar, da idona na gani, ni kaɗai na san wurin.

Sanda: Sai ka kwatanta min. Abin wahala ne?

Sharhabil: Shekara goma ina turo maka hotuna, kana mayar da ni mahaukacin dangi a gaban kowa. Ya yi min ciwo, Yaya, ban dai taɓa faɗa ba. Gobe ka zo da ita gareji, ta gani a hannuna.

Sanda: Gareji? Farfesa guda a cikin wannan bolar? Me ma za ka ce mata? Turancin kirki ba ka da shi!

Sharhabil: Mai suna Mardiyya ba ta rasa jin Hausa ba.

Sanda: Kai, ni kake gindaya wa sharaɗi? Ka san abin da zai same ni in ta gane ba ni...

Sharhabil: Ƙarfe goma ka ce ko? Zan sa a share wuri. Yanzu mai mota na tsaye a kaina, a gaida Anti.

Sanda: Sharhabil! Tsaya, bari mu yi magana ta fahimta. Sharhabil? Halo? Halo!