Hancin Moto

Garejin Manzo, bakin tashar Hilinge, tsakiyar damina. Wani tsoho ya tsaya kallon yadda ake ɗaura wa ƙaramar moto, irin babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, dogon tiyo, sannan ya dubi mai ita.

"Ɗana, wanga tiyo na mi ne?"

"Hanci ne, Baba. In ta shiga ruwa, ta sama injin zai sha iska."

"Ya hi kanka tsawo. Ita ta yi numfashi, kai hwa?"

"Ni sai in miƙe tsaye. Korin hanyar Damana nika son ƙetarewa in ya cika. Tun mulkin soja ake alkawarin gada."

"Cire shi, ya ɓata mata kyau. Ai akwai masu shanu bakin korin, suna jawo duk abin da ya maƙale."

"Su nika gudu! Bara ƙanena ya shiga da ita, ta sha ruwa ta mutu. Wani azzalumin mai shanu ya ƙi ɗaura igiya sai da aka kawo mishi ragon layyata."

Tsohon ya ɓata rai.

"Azzalumi? Cikin laka har ƙugu? Kuma ragon nan, wallahi, ƙashi ne zalla!"