Man Haske a Tashar Gummi

Ina zaune bisa buhun gerona a tashar Gummi. Idona ya tsufa, amma kunnena na nan. Wani mai tallan man shafawa ya tsaya kan wata budurwa baƙa mai jiran motar Anka.

"Malama, ga man haske! Ki shafa, ki tashi balarabiya."

"Ina da haskena. An koya muna a makaranta, duk mai rai jikinshi na fidda haske, har albasa. Ido ne bai gani, sai na'ura cikin duhu."

"To shi wanda za ki wurinshi Anka, yana da na'urar?"

"Wa ya ce wurin wani za ni?"

"Lallen ƙafarki."

Ta ja zane ta rufe.

"Innarshi ce za ta zo ganina gidan yayata. Hoto kaɗai ta gani, kuma mai hoton ya cika mini fari."

"Kin ji ko! Riƙe wanga."

Ta jujjuya kwalbar.

"Matarka shi take shafawa?"

"Allah shi kiyaye! Ya ɗaye mata fata?"

"Ungo abinka. Tsohuwar tashi ta nemo na'ura."